Gyaran da Malam Ya Ƙi Ɓoyewa

Akwai wani layin masu ɗinki a bayan wata kasuwa, irin layin da tun kafin ka shiga ƙarar kekuna ke tarbarka. Shaguna ne a jere suna kallon juna, ƙyallaye zube a ƙofa, kuma duk wanda ya ratsa sai ya fita da zare maƙale a takalminsa.

A tsakiyar layin akwai wata mata da kowa ke kira Mai Alkawari. Ba iyayenta suka sa mata ba, layin ne ya raɗa mata. Tunda ta buɗe shago ba a taɓa jin ta ce wa mai kaya "ka dawo gobe" ba. Ku da kuka taɓa kai ɗinki kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Telolin da ke bibiyar shafin nan ku yi haƙuri, gaskiya ce.

Sunan nan shi ne abin da ta fi ji da shi a duniya. Za ka iya kushe launin zarenta ta yi dariya, amma ranar da ka ce mata "anya za ki gama?" to ka taɓo ta.

Mijinta malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare, kowa Malam yake ce masa, har ita. Mutum ne mai sanyin hali, kullum yana rataye da wata tsohuwar kwamfutar hannu da aka ɗaure gefenta da salatif. Ita kuwa wuta ce. Mutane kan yi mamakin yadda suke zaune lafiya, su kuma ba su taɓa ganin abin mamakin ba.

To, wasu shekaru can baya, wani ɗan kasuwa ya shigo da injinan surfani na gwanjo, irin waɗanda ake haɗawa da kwamfuta. Ka ɗaure yadi, ka tura zane, injin ya zauna ya zuba maka ado tsaf. Mai Alkawari ta sayi ɗaya. Maman 'Yan Biyu, wadda shagonta ke kallon nata, ta saya. Dogo na ƙarshen layi ma ya saya, da wasu kaɗan.

Ana cikin jin daɗi sai matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Injin ba ya jin maganar kowa sai ta wata manhaja da kamfaninsa ya yi, ita kuma manhajar ba ta zama sai a kan tsofaffin kwamfutoci na wancan lokaci. Kamfanin ya daina ƙera irin injin, ya juya wa manhajar baya. Tsofaffin kwamfutocin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sababbin kuma suka ce ba su san zancen ba.

Haka lafiyayyun injina suka koma tebura. Dogo rediyonsa yake ɗorawa a kan nasa. Maman 'Yan Biyu ta lulluɓe nata da tsohon zanin gado, in ka tambaye ta sai ta ce ka bar tuna mata.

Malam kuwa abin ya tsaya masa a rai. Duk ranar da ya biyo shagon matarsa sai ya tsaya yana kallon injin kamar mai duba marar lafiya.

"Lafiyarsa ƙalau fa," in ji shi wata rana. "Mai yi masa magana ne kawai babu."

"To ka yi masa maganar mana, Malam," ta ce, ko ɗago kai daga kekenta ba ta yi ba. "Kai da kake hira da kwamfuta fiye da yadda kake hira da ni."

Ita da wasa ta faɗa. Shi kuwa ya ɗauka da gaske.

A kan tsohuwar kwamfutarsa Linux yake amfani da ita. Ga waɗanda ba su sani ba, babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, amma ba mallakin kamfani ɗaya ba ce. Kowa na iya saukewa kyauta, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa ta, in ya ga ɓaraka ya gyara. Da ya yi bincike sai ya tarar wasu mutane a ƙasashe daban-daban sun taru, ba wanda ya biya su, sun rubuta wata manhaja ta sarrafa injinan surfani a kan Linux ɗin. Tana tura zane, tana nuna zaren da za a sa, tana tsayar da inji in allura ta karye. Ta san injina iri-iri, amma ba ta san irin na layin ba.

Daga nan shagon ya samu baƙon dole. Duk Asabar da Lahadi da hantsi Malam zai jawo kujera, ya haɗa kebul tsakanin kwamfutarsa da injin, ya zauna. Ya tura wa injin saƙo, injin ya yi ƙara ya ƙi. Ya rubuta wani abu, ya sake turawa, injin ya motsa allura sau ɗaya ya tsaya. Mai Alkawari ta riƙa ajiye masa ƙyallayen da ba ta so, shi kuma ya yi ta lalata su.

Makonni suka yi ta wucewa. Ranar da injin ya fara ɗinki, fure aka tura masa, amma abin da ya fito ya fi kama da ƙafar kaza. Mai Alkawari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta maƙala ƙyallen a bango don ta riƙa tsokanarsa. Malam ya yi murmushi ya koma ga aikinsa.

Wata Asabar kuwa furen ya fito. Ganye ganye ne, reshe reshe ne, ba zare ko ɗaya da ya kauce. Ta ɗauki yadin ta juya bayansa, don nan ne tela ke gane gaskiyar aiki. Bayan ma tsaf yake.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe kai ne haka?"

Ranar ya ji daɗi har cikin ransa, don ba kullum take yabo ba.

Kan ka ce me, labari ya zagaya cewa injin Mai Alkawari ya tashi. Masu son suna a aljihun riga, masu son tambari a hula, masu son ado a wuyan riga, duk suka yo shagonta. A layin kaf ita kaɗai ce mai wannan aiki. Tafiyarta ma ta canza. Malam ya bar mata kwamfutarsa a shagon, ita kuma ta samo wani ƙyallen atamfa ta riƙa rufe fuskar kwamfutar da shi, ta kuma juya teburin ya ba titi baya, kada maƙwabta su leƙo su ga sirrin.

Yayanta, wanda ke sayar da yadi a cikin kasuwa, shi ya ƙara hura mata kai.

"Ƙanwata, ki riƙe abin nan da kyau," ya ce. "Allah ne ya ba ki, ba layi ya ba wa ba. Ki ja wa mijinki kunne. Na san shi, in aka bar shi har takalmin ƙafarsa sai ya bayar."

Yayan bai yi ƙarya ba. Da yammacin ranar, suna zaune a tsakar gida yara na wasa, Malam ya gyara murya.

"Ina so in tura gyaran nan wa masu manhajar," ya ce. "Su haɗa shi a ciki, duk mai irin injin nan ya samu."

Mai Alkawari ta ajiye kofin da ke hannunta. "Duk mai irin injin nan? Har Maman 'Yan Biyu?"

"Har ita. Har wanda ba mu sani ba."

"Malam, kai ka sha wahalar nan. Ni na ga bayanka yana ƙagewa a kan kujera. Su suna ina a lokacin?"

"Abin da na rubuta ɗan kaɗan ne," ya ce. "Ki ɗauka riga ce wasu suka yanka, suka ɗinka, suka ba ni kyauta, ni aljihu kawai na ƙara. Haka mutanen nan suke aiki. In ka ɗauki nasu ka ƙara wani abu, sai ka mayar, na bayanka ya tarar."

"Dole ne? Akwai mai kama ka in ka ƙi?"

"Babu mai kama ni. Ba ma wanda zai sani. Ni ne zan sani."

Ta yi magana mai yawa a ranar, wasu kalmomin ba za su rubutu a nan ba. Ta ce abincin yaransa yake son rabawa. Ta ce sanyin halinsa ya wuce gona da iri. Malam ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata ba zai yi a ɓoye ba, shi ya sa ya faɗa mata, amma zai yi.

Ya kuwa yi. Masu manhajar suka duba gyaran, suka yi masa wasu tambayoyi, ya amsa, suka haɗa shi a ciki.

Ba a daɗe ba Maman 'Yan Biyu ta tare shi a bakin layi. Ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ko zai taimaka ya duba mata nata. Ya shiga, ya yaye zanin gadon, ya sa wa kwamfutar 'yarta Linux da manhajar, ya nuna mata inda za ta danna. Kafin ya fito injin yana aiki. Bayanta sai Dogo, wanda ya sauke rediyonsa yana ta sa albarka. Bayan Dogo sai sauran.

Mai Alkawari tana zaune a shagonta tana jin ƙarar injinan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙara tana sukar ta. Masu kawo aiki suka rabu. Wasu da suka saba tsayawa a ƙofarta suka riƙa tsallakawa shagon da ke gaba.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. A gida ta daina kiransa Malam, ta koma ce masa Malam Sadaka. Abinci tana ba shi, gaisuwa tana amsawa, amma hirar yamma ta mutu. Ƙyallen ƙafar kazan nan ma ta cire shi daga bango ta jefa a kwando. Maman 'Yan Biyu kuwa in ta gaishe ta, da kai take amsawa.

Malam ya ji ciwon abin a ransa. Shi irin mutanen nan ne da ba su iya kare kansu da baki ba.

Ana nan sai ga babban aiki ya zo. Shugabar wata makarantar koyon aikin jinya ta shigo layin da kanta. Za a rantsar da ɗalibai, kowace ɗaliba kuma sai da bajon makaranta a ƙirjin farin yunifom ɗinta. Bajon da yawa ne, lokaci kuma ya matso.

"An ce mini ke ce ba kya saɓa alkawari," in ji Shugaba. "Ranar nan ba ta ɗaguwa. An gayyaci iyaye, an gayyaci manyan baƙi. In kin san ba za ki iya ba, ki faɗa mini yanzu, ba zan ji haushi ba."

"Ranki ya daɗe, ki tambayi layin nan sunana," ta ce. "Ranar da kika ce, ranar za ki karɓa."

Ta zana bajon a kwamfuta, fitila ce da ganye biyu a gefe, ta tura wa Shugaba a waya ta gani ta amince. Da Shugaba ta tafi, Maman 'Yan Biyu ta tsallako.

"'Yar'uwa, aikin nan ya yi wa inji ɗaya yawa. In kina so mu kama miki, ba sai kin..."

"Ni na ɗauka, ni zan sauke," Mai Alkawari ta katse ta. "Kowa ya ji da injin da aka ba shi sadaka."

Maman 'Yan Biyu ta ce Allah ya taimaka, ta koma shagonta.

Aiki ya kankama. Tun da sassafe injin ke tashi, ba ya hutawa sai an rufe layi. Bajo ya fara taruwa a kwali, Mai Alkawari tana lissafi a ranta tana ganin za ta kai, ko da ƙyar.

Ana saura 'yan kwanaki, da hantsi, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Shagonta ne kaɗai ke da inji a kunne a lokacin, don ita ce kaɗai ba ta iya jira. Aka ji wani tas, sai ƙauri ya cika shagon. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi a ƙarƙashin ƙyallen atamfar, allurar injin kuma ta tsaya a tsakiyar fitila.

Mai gyara ya zo ya buɗe su duka biyun. Ya ce kwamfutar ta tafi ke nan. Injin kuma allon lantarkin cikinsa ne ya ƙone, sai an yo odarsa daga waje, ba zai iso ba sai an gama rantsuwa an watse.

Ta leƙa kwalin. Ko rabi ba a yi ba.

Yayanta ya ji labari ya zo da gudu. Ya kalli injin, ya kalli kwalin, ya ce, "Ki kira matar nan ki ce mata ta ƙara miki kwana. Ko ki kashe wayarki har abin ya wuce. Wane tela ne bai taɓa yi ba?"

"Ni," ta ce.

Ta zauna a kan kujerar da Malam ya saba zama. Tsoro ya kama ta sosai. Ba asarar yadi take ji ba. Tana hango ɗalibai a jere da ƙirji fayau, tana hango Shugaba ta shigo layin a gaban kowa, tana jin yadda sunan da ta yi shekaru tana ginawa zai koma abin tsokana a bakin yara.

A haka Malam ya same ta, an kira shi daga makaranta. Ya duba kwamfutar tasa, ya shafa salatif ɗin da ya narke, ya ajiye ta gefe.

"Shi ke nan, Malam," ta ce, hawaye na zubo mata. "Injin ya tafi. Gyaranka ma ya ƙone a ciki, duk wahalar nan taka."

"Wanda na riƙe ne ya ƙone," ya ce. "Wanda na bayar yana nan."

Ta ɗago ta dube shi.

"Yana shagon Maman 'Yan Biyu, yana shagon Dogo, yana duk inda aka sauke manhajar. Ya ma fi yadda na bar shi. Bayan na tura, wata mata a wata ƙasa mai nisa, mai irin injin nan, ta ƙara masa wani abu. Yanzu ana iya raba aiki ɗaya wa injina da yawa, kowane bajo ya fito iri ɗaya, ba mai bambance na wannan shago da na wancan. Zanen yana wayarki, ko?"

"Yana nan. Na tura wa Shugaba."

"To injina kawai muke nema, kuma ga su a layi."



Malam bai ce mata "ai na faɗa miki" ba. Bai kuma ce zai je ya roƙar mata ba. Ya san wannan tafiyar tata ce.

Tsakanin shagonta da na Maman 'Yan Biyu faɗin titi ne kawai, amma ba ta taɓa yin tafiya mai nauyinta ba. Ta share fuskarta, ta gyara mayafi, ta tsallaka. Duk layin ya yi kamar yana aiki, alhali kowa ita yake kallo.

Ta yi sallama. Maman 'Yan Biyu ta amsa, ta ci gaba da yanka yadi.

"Na zo ne..." Ta sake ɗauka. "Na faɗa miki magana marar daɗi ranar nan. Ki yafe ni. Injina ya ƙone, kuma na yi wa mutane alkawari."

Maman 'Yan Biyu ta ajiye almakashi. "Injin sadaka kike nema ke nan?"

Mai Alkawari ta sunkuyar da kai. "Shi nake nema."

Sai Maman 'Yan Biyu ta yi dariya, ta kama hannunta. "Ke dai bakinki ya fi allurarki kaifi. Tun da na ji ƙaurin nan na cire aikin da ke kan injina, ina jira in ga ko girman kai zai bar ki ki tsallako. Shekara nawa injin nan yana kwance kafin mijinki ya tashe shi? Kawo zaren."

Dogo ko jira a roƙe shi bai yi ba. Ya leƙo ya ce nasa ma a shirye yake, rediyon ya saba da ƙasa yanzu. Sauran ma suka ce a kawo.

Malam ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana sabunta manhajar, ya ɗauko zanen daga wayar matarsa ya raba musu. Mai Alkawari ta raba yadi da zare. Da injinan suka tashi gaba ɗaya, ƙarar da a da take sukar ta ita ce ta zama abin da ya fi mata daɗi a kunne. Tana zagayawa daga shago zuwa shago tana juya bayan kowane bajo, don halin nata bai canza ba. Ba ta samu na yarwa ba.

A shagon Maman 'Yan Biyu ne ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba. An sake kunna kwamfutar, manhajar na buɗewa, sai ta nuna sunayen waɗanda suka yi aikinta. Sunaye ne na mutanen ƙasashe iri-iri, wasu ko karanta su ba ta iya ba. A tsakiyarsu ga sunan mijinta, cikakke, har da na mahaifinsa.

"Wannan fa?" ta ce.

"Au, ba ki taɓa gani ba?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Kullum sai ya fito. 'Yan biyuna har nuna wa ƙawayensu suke yi, suna cewa maƙwabcinmu ne."

Ita da ta fi kowa kusa da shi ita ce ba ta gani ba, don kullum fuskar kwamfutarta a rufe take da ƙyalle. Ta daɗe tana kallon sunan. Kunya ta kama ta, sannan wani alfahari ya taso ya danne kunyar. Ta waiga ta hango shi a shagon Dogo, a tsugune, yana gyara kebul, rigarsa duk zare.

Ana gobe rantsuwa Shugaba ta zo. Kwalaye na jere a ƙofar shago. Ta ɗebo bajo daga nan, ta ɗebo daga can, ta haɗa su a tafin hannu, duk iri ɗaya.

"Lallai sunanki ya dace da ke," ta ce. "Ke kaɗai kika yi duk wannan?"

A da, da Mai Alkawari ta yi murmushi ta bar zancen a haka. Ranar kuwa ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"A'a, ranki ya daɗe. Injina ƙonewa ya yi. Layin nan ne ya cika mini alkawari. Injinan layin kuma mijina ne ya koya musu jin magana. Ga shi can. Sunansa na cikin manhajar, duk duniya ana gani."

Malam ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta sosa ƙeya. Dogo ya ce a bar shi haka, kada a kashe shi da yabo.

Da allon injinta ya iso aka gyara, ta sayo wa Malam wata kwamfutar, ta gwanjo ce amma ba salatif. Ta tono ƙyallen ƙafar kazan nan daga ƙasan kwando ta mayar da shi bango. Teburin kuma ta juya shi, fuskar kwamfutar na kallon titi. Ƙyallen atamfar ya koma na goge ƙura.

Wata rana wani dattijon tela daga wata unguwa ya tsaya a ƙofarta yana jan ƙafa. Ya ce ya ji labari, yana da irin injin nan a kwance, amma ya san sirrin sana'a ne, in ba za a iya faɗa masa ba ba komai.

Mai Alkawari ta tashi ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baba. Ba sirri ba ne. Mijina ne ya rubuta, kuma kyauta ya bayar." Ta ɗauki wayarta ta kira. "Malam, in ka tashi daga makaranta ka biyo ta shago. Ka yi baƙo."

Darasi: Ilimin da ka ɓoye a wurinka kaɗai yana iya ƙonewa a rana ɗaya, amma wanda ka bayar yana zaune a hannun mutane, yana ƙaruwa, kuma shi zai tashi ya tare maka ranar da naka ya gaza. Kada ka raina mai sanyin halin da ke gidanka don ya ƙi yin rowa. In labarin nan ya tuna maka da wani da ya taɓa koya maka abu bai ɓoye ba, tura masa, ka kuma tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a su ma su karanta.